Ka Biya Kuɗin Ɗorawa, Ka Bar wa Kawunka Gonarsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifiyarka a Tudun Kalgo, zuwa ga Abba a Funtua.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan ka sauka lafiya, ina roƙon Allah Ya tsare ka a wannan sabon wuri, Ya kiyaye hannunka daga injin audugar nan, Ya haɗa ka da abokan zama masu tsoronSa. Mu nan lafiya lau muke. Ba labarin gida na zauna in ba ka ba, saboda haka kada ka leƙa ƙasan takarda kana neman wa ta haihu, wa ya yi aure.

Maganar da ka yi a bakin mota ce ta zaunar da ni. Ka bari sai da aka ɗora akwatinka, jama'a na ji, sannan ka ce wai ranar da za a zauna kan ƙarar da Shehu ɗan kawunka ya kai ka, za ka nuna masa kai ma jikan gidan ne. Za ka nemi ɗorawa, ka nemi gonar ɗungurungum, ka nemi kuɗin kalwar duk shekarun da suka wuce. Wai ai shi ya riga ya biya kuɗin ƙara, kai lodi kawai za ka yi a bayan motarsa kyauta. 'Yan kamasho suka yi maka tafi. Ni kuwa na tsaya da bakin mayafi a haɓa, don ka san ba na iya magana cikin taro. Haba Abba! Tun daga tasha har gida ina tafe ina salati. Wannan lissafin da ka yi a tsaye, kana ɗaga kafaɗa, shi na yi a durƙushe shekaru goma sha da suka wuce, kuma shi ya sa har yau nake sayen kalwata da kuɗina.

Ka san ƙarshen labarin, ba ka san tsakiyarsa ba, don kana makarantar kwana aka yi shi. To, zauna ka ji.

Da Malam ya rasu, wato kakanka da ka ci sunansa, mu biyu ya bari, ni da Yaya Garba. Ya bar gonar nan ta hanyar Bakori da ɗorawoyin da ke cikinta. Ranar rabo Liman na wancan lokaci ya zo, da Sarkin Noma Bawa, da Malam Ado. Yaya Garba ya ce in aka yanka gonar za ta lalace, tunda ni daddawa nake yi, in ɗauki itatuwan da awaki, shi ya riƙe ƙasa. Ba cuta a ciki. A wancan zamani ɗorawa ɗaya mai kyau tana ɗaukar cefanen gida, ga kalwa, ga gari, ga makuba ta daɓe. Na yarda da zuciya ɗaya. Sarkin Noma ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana buga musu sanda yana cewa, "Wannan ta Hajara ce, ku shaida." Aka shafa fatiha, aka watse.

Abin da ban yi ba shi ne in buɗe baki in ce, to ƙasar da ke gindinsu fa, da hanyar da zan bi in je? Tambayar tana kan harshena. Na dubi Yaya yana share hawayen ubanmu, na ji nauyin in yi maganar taku biyu na ƙasa a irin wannan rana. Na haɗiye. Daga baya na ɗauka wanda ke da itace ai yana da gefen inuwarta, na riƙa shuka 'yar kuɓewa da yakuwa tsakanin ɗorawar gabas da gambar iyaka. Ba wanda ya ce mini kanzil. Ni ma ban nemi izini ba.

Ka riƙe wannan, Abba. Duk abin da za a raba ko za a ƙulla da kai, a wurin aiki ne ko a ɗakin haya, ka yi tambayarka lokacin da fuskoki ke sake. Nauyin da ka ji na ɗan lokaci ne. In ka bar ta sai an ɓata, a gaban baƙi za ka yi ta.

Sai takin zamani ya shigo ƙasar nan. Malaman gona suka riƙa yawo a kan babura suna koya wa mutane sabuwar masara, kowa ya koma garmar shanu, masu hali suna ɗauko tarakta. Ɗorawa ta zama abin haushi ga mai gona, inuwa ta hana masara, saiwa ta karya garma. Ina jegon ƙanwarka Asabe aka zo aka ce mini Yaya Garba ya sare biyu. Ban je ba, ban aika da zagi ba. Na kira matarsa Larai na ce ta ce masa don Allah ya tuna da sandar Sarkin Noma. Amsar da na samu masinjan kotu ne a ƙofar gida da sammaci. Wai ina noma masa gona ba da izininsa ba. Kuɓewa, Abba! A kan kuɓewa ɗan uwana ya sa aka kira sunana a zaure da ƙarfi.

Babanku ya tafi cin rani, saboda haka Gwaggo Lami ce ta raka ni. Ka san ta, Allah Ya ba ta muryar mutum uku, kamar an haɗa mata da tawa. Tun a mota take koya mini abin da zan ce. "Ki ce wurin naki ne tun ran gini. Ki ce Malam da bakinsa ya ba ki." Na ce Gwaggo, Malam bai ba ni ba. Ta ce, "To ya tashi ya ƙaryata ki mana!"

Muka shiga, muka durƙusa. Alƙali ya karanta abin da Yaya ya faɗa, ya tambaye ni ko wurin kuɓewar nawa ne. Na ce a'a, ƙasa tasa ce. Na ji Gwaggo ta yi tsaki a bayana. Sai na tattaro ɗan ƙarfin da nake da shi na ce, "Amma Allah gafarta Malam, itatuwan nawa ne, ya kuma sare mini biyu."

Ya ce, "Ɗaga murya, baiwar Allah."

Na maimaita.

Ya ce, "Kare kanki kike yi, ko wani abu kike nema a hannunsa?"

Na ce, "Nema nake ya bar mini ragowar."

Ya ce, "To wannan ƙararki ce ke ma, a kan tasa. Ki ga magatakarda a shigar da ita kafin zama na gaba, sai in saurare su tare."

Na fito ina jin daɗi. Muka zagaya ta gefen kotu inda tagar magatakarda take. Sunansa Malam Iro, wani siriri mai sanyin magana. Bai ko ɗago ya dube ni ba, wanda yanzu na san kunyar matar aure ce, amma a ranar na ba shi wata fassara. Ya ce sai na biya kuɗi kafin a shigar. Ya faɗi adadin a hankali, kansa a sunkuye.

Gwaggo ta mintsine ni a cinya. "Kin ji ko? Ashe nan ma sai an shafa."

Ga abin da ya zo mini a rai, kuma ina so ka duba ka ga ko bai yi kama da naka ba. Na ce ai Yaya Garba ya riga ya biya kuɗin wannan shari'a, kowa ya sani, har alfahari yake yi da shi a gari. Mu kuma a zauren dagaci muka saba, inda in an zauna an zauna ke nan, kowa ya zazzage abin da ke cikinsa, na gona da na akuya da na tsohon bashi, a yanke gaba ɗaya. Shari'a ɗaya, alƙali ɗaya, tabarma ɗaya. To kuɗi na biyu na mene ne, a taga ta gefe, da murya ƙasa-ƙasa? Malam ya karantar da mu tun muna kan allo cewa mai ba da rashawa da mai karɓa duk tsinuwa ɗaya ke kansu. Kuɗin nan suna ƙulle a haɓar zanena, har da saura. Na dafe su, na ce wa Malam Iro, "Allah Ya kyauta," na juya.

Ban tambaye shi na mene ne ba. Ban tambaya ko ana ba da rasiɗi ba. Shi ma bai kira ni ya yi mini bayani ba, ya ɗauka ba ni da su ne, zan je in nemo. Marasa murya biyu suka haɗu a taga ɗaya, ɗorawa ta biya. Kuma don ka ji iyakar wautar, da na isa gida alwala na yi, na yi nafila ta godiya wai Allah Ya tsare ni daga haram.

Ranar zama na gaba alƙali ya ce, "An shigar da ƙarar matar nan?" Malam Iro ya ce, "Ba a shigar ba, ranka ya daɗe." Alƙali ya yanke cewa wurin kuɓewa na Garba ne, in tsame hannuna. Daidai ne, ni da bakina na faɗa. Na ce, "To itatuwan fa?" Ya ce, "Ba sa gabana." Shi ke nan. Aka kira na gaba, wasu masu rikicin jaki. Ga Sarkin Noma da Malam Ado zaune a waje tun hantsi, sun zo su yi mini shaida, ko ƙofa ba a kira su ba.

Alƙali bai ba Yaya Garba itatuwana ba, ka lura da wannan. Shiru kawai ya yi a kansu, don ba a sa su a gabansa ba. Amma kafin la'asar labari ya gama gari cewa kotu ta ba Garba gona da duk abin da ke cikinta. Wa zai bi gida-gida yana gyara wannan? Ni? Da rani ya zagayo Yaya Garba ya ƙara kayar da ɗaya, kuma daga ranar yaran gidansa ke kaɗe ragowar.

Don haka ka saurara da kyau. Abin da ka faɗa a gaban alƙali don kare kanka, wannan amsa ce, ba a biya. Abin da ka nema a hannun wanda ya kai ka, wannan ƙara ce mai zaman kanta, ko da a numfashi ɗaya ka faɗe su. Tana da kuɗinta. Kuɗin Shehu na Shehu ne, ba ya ɗaukar kayanka. In ba ka biya ba, ka yi ta zuba har magariba, 'yan kallo su gyaɗa kai, alƙali zai ce maka abin da aka ce mini.

Ban gama da kaina ba. Gwaggo Lami ta kai labarin kasuwa. Duk wadda ta zo sayen daddawa sai ta tafi da gyaran cewa magatakarda ya nemi a shafa masa, 'yar Malam ta ƙi. Ni ban faɗa da bakina ba, amma in aka tambaye ni sai in sunkuyar da kai in ce Allah dai Ya kyauta, wanda ya fi faɗar ma ƙarfi. Har daɗi nake ji ana cewa Hajara ta gaji ubanta.

Ran nan, bayan babanku ya dawo, sai ga sallama a zaure. Malam Iro ne a kan keke, ya sha rana. Ina bayan ƙofa ina ji. Ya ce wa babanku, "Malam, matata ba ta iya zuwa suna saboda maganar gidanka. Kuɗin nan ba aljihuna suke shiga ba, na baitulmali ne. Kowa ya biya ana ba shi rasiɗi. A tambayi Garba in ba a ba shi nasa ba." Babanku ya kira ni. Na fito. Na durƙusa daga bakin ƙofa na ce wa Malam Iro ya yafe mini don Allah. Ya ce, "Na yafe. Amma Malama, da kin tambaye ni."

Ka ga, na je gudun haram ɗaya da babu ita, na faɗa cikin ta gaske, na ci naman bawan Allah wata da watanni. Sai da na bi gidajen da na san maganar ta shiga ina warwarewa, Gwaggo na bina tana cewa, "To ai ni ma ji na yi." A wurin wa ta ji, in ba a wurin kanta ba?

Kai yanzu ka shiga garin ofisoshi, ko'ina taga ce. Akwai masu neman a shafa musu, ban ce babu ba. Amma kafin ka yanke wa mutum hukunci, ka tambaye shi da muryar da na bayanka zai ji: wannan kuɗin na mene ne, kuma za a ba ni rasiɗi? Mai gaskiya zai amsa maka nan take. Marar gaskiya zai fara duban gefe. Tsoron Allah bai hana tambaya ba. Malam bai taɓa koya mini in yi zato in tafi ba, ni na ƙara wannan da kaina.

Na san abin da za ka ce, don ka sha faɗa mini. Me ya hana in koma in kai tawa ƙarar daga baya? Malam Iro ma ya ce ƙofa a buɗe take. Farko ciwon babanku ne, sai rasuwarsa, sai takaba, sai Liman ma ya bi. Amma waɗannan duk dalilan baki ne. Gaskiyar ita ce ba na iya tura masinja ƙofar ɗan uwana. Na san yadda na ji ranar da aka kira sunana a zaure. Nono ɗaya muka sha da mutumin nan, shi ya goya ni zuwa makarantar allo ranar da ƙaya ta soke ni. Ya kai ni, in amsa, in ce ga nawa haƙƙin, wannan zan iya. Amma in zama ni ce mafari, hannuna ya ƙi. Ka kira shi rauni, ban musa ba. Dama ɗaya na samu wadda ba sai na aika masa da sammaci ba, na bar ta a taga.

Tun daga nan duk ranar kasuwar Bakori nake zuwa sayen kalwa. Kuma ka san a wurin wa? A wurin Larai, don tata ta fi kowacce cika ido. Yo ba dole ba! Ta auna mini, in ƙirga mata, sannan ta ɗebo da hannu ta ƙara, ta ce, "Ga gyara, Hajara, saboda zumunci." Ni kuma in ce na gode. Gyara daga itacen ubana! Sau nawa na dawo gida na ajiye buhun na kasa cin tuwo.

Yanzu ga inda muke. Kawunka ido ya yi rauni, gona ta koma hannun Shehu, shi kuma ya sayar da ragowar ɗorawan nan uku a tsaye ga Alhaji Lamidi mai injin katako, har ya karɓi kafin alƙalami. Kai ka je ka kori ma'aikatan da suka zo sara, wannan na gode maka. Amma wa ya aike ka ka tuntsurar musu da jarkar mai? Man ya yi maka me? Da shi Shehu ya samu abin kai ka. Alhaji Lamidi kuwa mutumin kirki ne, iyayensa daga kudu suka zo amma a Funtua aka yanke masa cibiya. Ya zo har gida ya ce, "Mama, da na san akwai magana a kansu ban taɓa ba. Zan jira kotu. In ta ce naki ne, Shehu ya mayar mini da kuɗina. In ba ta ce komai ba, ni ɗan kasuwa ne, na riga na biya." Ka ji dai. In ba ta ce komai ba. In aka sake yin shiru irin na wancan karo, injin zai shiga, kuma ɗorawa ba kuɓewa ba ce da za a sake shukawa a ci bana.

Wato Allah Ya sake buɗe mini tagar nan ta hannun Shehu, ba tare da na tura masinja gidan kowa ba. Shi ya sa na wakilta ka a gaban Liman. Kai kuma kana tsaye a tasha kana neman rufe ta da gonar da ba tamu ba.

Ranar da na kai Asabe asibiti a Malumfashi na nemi gidan Malam Iro. Ya yi ritaya, yana 'yar tireda a ƙofar gida. Na gaishe shi, na ce na zo tambaya. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Alhamdu lillahi, yau dai an tambaya." Ga abin da ya faɗa mini. Kuɗin ƙara ba ɗaya ba ne ga kowa, gwargwadon ƙimar abin da ka nema, gwargwadon abin da za ka biya. Na itace uku abu ne da za mu iya. In ka ɗora gona irin ta kawunka a wannan zamani na masara, ka ɗora kalwar shekaru, sai ka zuba albashinka na wata da watanni, wanda ko na farko ba ka karɓa ba. Kuma in ka faɗi ba a mayar maka. Ya ce ka je tun kafin ranar zama, kada ka bari sai an kira ku. Ka faɗa wa magatakarda cewa kai wakilin mahaifiyarka ne, a rubuta da sunana. Ka karɓi rasiɗi, ka sa a aljihun gaba, ba cikin hula ba inda gumi zai cinye shi.

Ko da kuɗin sun zubo maka daga sama, Abba, gonar ba tamu ba ce. Ina wurin aka raba. Shaidunka su ne Sarkin Noma da Malam Ado, ba mu da wasu. Bakin da zai ce itace na Hajara ne, shi zai ce ƙasa ta Garba ce, don tsofaffin nan ba za su yi maka kara ba, ƙafarsu ɗaya a kabari. Ka nemi gona, shaidunka su kayar da kai a gaban Shehu, alƙali ya dube ka a matsayin mai haɗama, sannan ka zo kana maganar ɗorawa? In kuma aka kai ga rantsuwa, da wane hannun za ka dafa Alƙur'ani? Da sunana fa za a rubuta. Ban yarda ba. Ban ba ka wakilcin wannan ba.

Kalwar da aka ci kuwa, wa ya auna? Kai ka san tiya nawa? Ni ban sani ba, ba kuma zan sa a rubuta abin da ban sani ba. 'Ya'yan ɗan uwana ne suka sha miyar, na yafe. Ukun da aka sare ma sun zama toka, na bar su. Na yafe abin da aka ci, ban yafe abin da ke tsaye ba. Uku ne: ta gabas wajen gamba, da mai kogon nan, da ƙaramar da ke bakin hanya. Su kaɗai za ka nema, da hanyar da za a bi a kaɗe su. Kada ka manta da hanyar, ka ji abin da mantuwarta ta jawo mini.

Maganar mai, in alƙali ya tambaye ka, ka ce ka zubar. Kada ka ce ƙafa ce ta zame, rabin gari sun gani. In an ce ka biya, ka biya daga albashinka, ko ka ji a jikinka.

Sarkin Noma ba ya iya zaman babur yanzu, ka kama masa gidan gaba a bas, ka je da kanka ka ɗauko shi. Malam Ado kunne ya yi nauyi, ka roƙi a zaunar da shi kusa. Tun wancan karo suke bina da kallo, Sarkin Noma duk inda ya gan ni sai ya ce, "Hajara, shaidarki na nan a bakina, ki zo ki karɓa kafin in tafi da ita." Kada ka bari su sake wuni a waje.

In kawunka ya zo, ka je ka durƙusa ka gaishe shi kafin ka shiga, ko ya amsa ko bai amsa ba. Shehu kuma abokin wasanka ne, na sani, amma kotu ba wurin wasan taubasai ba ce. Ya tsokane ka, ka dubi ƙasa. In an gama kuma Allah Ya ba mu, ban son guɗa, ban son a bi ta ƙofar gidansu ana habaici. Gwaggo Lami ta riga ta ce za ta zo. Na ce mata a'a, ta ce ai hanya ta gwamnati ce. To in ka gan ta, ka zaunar da ita nesa da taga.

Malam Sule direba zai ba ka wannan takarda da ƙullin tsumma. Kada ka yi ƙyamar warin, kuɗin daddawa ne, daga kalwar da na saya a hannun Larai, har da gyaranta. Na itace uku ne cif, yadda Malam Iro ya lasafta, sai kuɗin motar tsofaffi. Babu ko kwabo na gona a ciki. In ka je taga ka ƙara wani abu a kai, ba za su kai ba, magatakarda zai dawo da kai, ka zo ka same ni mu riƙa zuwa kasuwar Bakori tare. In ma an sami canji a kuɗin, ka tambaya, ka cika daga naka. Ka buɗe baki dai. A tasha na ji kana da murya, ka kai ta inda take da amfani.

Shekaranjiya na bi ta hanyar. Duk ukun sun yi fure, jajaye, kamar ba su san an sayar da su ba. Na tsaya daga bakin gamba na duba, ban shiga ba, don ƙasar ba tawa ba ce. Ina so kafin Allah Ya karɓi raina in kaɗa miya da daddawar da ban sayi kalwarta ba.

Allah Ya tsare ka a tafiya da dawowa, Ya kiyaye ka daga sharrin ƙarfe da sharrin harshe, naka da na wasu. Ka riƙe salla a kan lokaci. Allah Ya yi maka albarka, Ya jiƙan Malam da babanku, Ya ba kawunka lafiyar ido. Asabe na gaishe ka.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
Hajara